Waya, Juyayyen Gilashi ko Makuro: Wanne Ya Dace da Hoton Fumfunar Yauƙi a Bauchi?

In aka kwana biyu ana ruwa a watan Agusta, ka ɗaga ruɓaɓɓen karan dawa a gindin darni, ko ka tona jiƙaƙƙen ganyen mangwaro a lambu, kana iya cin karo da wasu 'yan tsirarun abubuwa a jere kamar an caccaka allurai masu kai. Wasu fari, wasu ruwan ɗorawa, wasu ja kamar garin bulo. Su ne masana ke kira Myxomycetes, mu kuma a nan za mu ce musu fumfunar yauƙi, ko da yake ba fumfuna ba ce ta gaskiya, ba kuma naman kaza ba. Danginta su ne amiba. Tana soma rayuwa tana rarrafe kamar majina tana cin ƙwayoyin bakteriya, in abinci ya ƙare ko wuri ya fara bushewa sai ta tattara kanta cikin 'yan sa'o'i, yawanci da dare, ta fitar da waɗannan kawunan masu ɗauke da iri. An san kusan nau'i 1,000 nata a duniya.

Wahalar ɗaukar hotonta duk daga girmanta take. Yawancinsu tsayinsu milimita 1 ne zuwa 2. Stemonitis, mai kama da tuntun gashi ruwan ƙasa, ita ce doguwarsu, takan kai santimita 1 zuwa 2. Fuligo septica kuwa, wadda ke bajewa a kan juji kamar an zubar da kwaɓin ƙwai, ko da wayar hannu zalla ana ɗaukarta. Don haka kafin ka tambayi kuɗin kowane kaya, ka fara sanin wacce kake nema, kuma a ina za ka ɗauke ta: a daji kana durƙushe, ko a ɗaki a kan tebur.

Lissafi ɗaya da zai raba maka gardama

Ɗauki rula mai milimita, ka matsa da kyamararka ko wayarka iya kusancin da hoto zai fito tar, ka ɗauka, ka ƙirga milimita nawa suka shiga daga gefe zuwa gefe. Wannan adadin ya fi duk abin da aka rubuta a jikin kwali gaskiya. Gilashin maƙalawa a waya da aka buga masa 15x ko 25x, sau da yawa lambar ado ce kawai.

A kyamara mai sensa APS-C (sensa ita ce faifan da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara, APS-C kuma sunan girmanta ne), faɗin sensar kusan milimita 23.5 ne, kuma in mai megafiksel 24 ce, tana da ɗigo 6,000 a faɗi. A girma 1:1, wato abu ya faɗa kan sensa daidai girmansa, kan fumfuna mai milimita 1 zai samu ɗigo kusan 255. Ya isa a ga tarinsu a jere da launinsu, amma bai isa a ga saƙar da ke jikin kai ɗaya ba. A ninki 2 ɗigo 510 ne, a ninki 5 kuwa kusan 1,275. Hotunan nan da ake gani a intanet, inda kai ɗaya ya cika fuskar waya har ana ganin garin iri a jikinsa, daga ninki 3 zuwa sama ake samunsu.

Sai dai kowane ƙarin girma yana da farashi, kuma ba na kuɗi ba. Kaurin wurin da ke fitowa tar yana raguwa da sauri. A 1:1 da ƙofar haske f/8 (kafar da haske ke bi a cikin gilashi, in lambar ta ƙaru kafar ta tsuke), kusan milimita 0.6 ne. A ninki 2 da f/5.6, ya koma 0.17. A ninki 5 da f/4, bai wuce 0.04 ba, bai kai kaurin gashin kai ba. Mai koyo yakan ce to bari in rufe ƙofar zuwa f/16 ko f/22. Nan ne hoto ke lalacewa, domin ainihin ƙofar da ke aiki ita ce lambar da ka saita sau girma da ƙarin ɗaya. Kenan f/16 a ninki 2 ta zama f/48, haske ya tarwatse a bakin 'yar kafar, komai ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa man shanu. Mafita ɗaya ce: a ɗauki hotuna da yawa, kowanne a matsar da saiti, wato inda hoto ke fitowa tar, kaɗan, sannan manhaja ta tsinto wurin da ya fito tar a kowanne ta haɗe su wuri guda. Duk kayan da za mu gwada a ƙasa, abin dubawa shi ne yadda suke sauƙaƙa wannan aikin ko suke wahalar da shi.

Waya da gilashin maƙalawa

Ita ce mafi araha, kuma tana da amfanin da ba a raina shi: kullum tana aljihu, tana rubuta rana da wurin da aka ɗauka. Amma a yi hattara da ƙaramar kyamarar makuro, wato ta ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, mai megafiksel 2 da ake saka wa wayoyi masu matsakaicin kuɗi. Saitinta a kafe yake a kusan santimita 4, hotonta kuma 1,600 ne a 1,200, da ka yanko sai ya farfashe. Gara ka maƙala gilashi a babbar kyamarar wayar. Cire rigar wayar tukuna, domin in gilashin ya kauce daga tsakiya ko da milimita ɗaya, gefe guda zai yi duhu ɗayan ya yi hazo.

Abin da ke ba da haushi a waya shi ne karambaninta. Tana canza saiti da kanta, tana goge ƙananan zane a zaton datti ne, wata ma in ka matsa kusa sai ta tsallaka zuwa wata kyamarar, gilashinka ya tashi a banza. Shiga yanayin Pro ka kulle saiti da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ka sa agogon daƙiƙa 2. Manhajar Open Camera ta Android tana iya ɗaukar jerin hotuna tana matsar da saiti da kanta a wayoyin da suka yarda da hakan. Da wannan za ka samu Fuligo, Stemonitis, Lycogala mai kama da 'yan ƙwallaye, da farar Ceratiomyxa da ke lulluɓe ruɓaɓɓen itace. Ƙasa da milimita 1 kuwa, kada ka wahalar da kanka.

Akwai wata 'yar kyamara da ke tsakanin waya da manyan, Olympus TG-6 da ƙanwarta TG-7. Tana saita abu daga santimita 1, tana haɗe hotuna har 10 a cikinta, ruwa ba ya shigarta. Ga mai yawon damina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sensarta dai ƙarama ce, megafiksel 12, kuma a santimita 1 ita kanta kyamarar ke tare haske, sai an nemo mata zoben haske ko a haska ta gefe.

Kyamarar da kake da ita, da ɗan ƙari

A ganinmu nan ne yawancin masu hoto a Bauchi ya kamata su tsaya su yi tunani sosai, musamman masu hoton biki da suna da ke da tsohuwar Canon ko Nikon a jaka. Hanyoyi uku ne, kuma halinsu ba ɗaya ba.

Na farko zoben ƙarin tsawo, bututu ne marar gilashi da ke shiga tsakanin kyamara da gilashinta. Jerin da aka saba gani 12, 20 da 36 ne, jimla milimita 68. Girman da yake ƙarawa shi ne tsawon bututu a raba da tsawon gilashi, wato lambar milimita da ke rubuce a jikinsa, kenan a kan gilashi mai 50 za ka samu kusan ninki 1.4. Sayi mai 'yan ƙarafan lantarki a ciki, in ba haka ba ba za ka iya juya ƙofar haske a gilashin zamani ba. Masu jikin roba sukan yi lilo, nauyin gilashi ya ja su ƙasa, hoto na biyar ya kauce daga na farko.

Na biyu Raynox DCR-250, gilashi ne da ake maƙalawa a gaban wanda kake da shi, maƙalinsa yana kama baki mai faɗin 52 zuwa 67. Tsawonsa milimita 125 ne, don haka girman da zai ba ka shi ne tsawon gilashinka a raba da 125. A kan mai 200, ninki 1.6. A kan mai 300, ninki 2.4. A kan ɗan 18-55 da ake sayar da kyamara da shi kuwa, bai kai rabi ba, kuma kusurwoyi za su yi baƙi. Mutane da yawa sun yi wannan asarar. In kana da mai janyo nesa irin 55-200 ko 70-300, to shi ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali a daji: akwai tazarar kusan santimita 11 zuwa 12 tsakaninka da abin, wurin shigar haske ya wadata, ba ka buɗe cikin kyamara ba balle ƙura ta shiga, cire shi kuma daƙiƙa biyu ne.

Na uku juya gilashi baya ya koma gaba, da zoben juyi da ake ɗaurawa a bakinsa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma girman da yake bayarwa ya fi na sauran. Gajeren gilashi shi ya fi ƙarawa: mai 50 yana ba da kusan 1:1, mai 28 kusan ninki 2, ɗan 18-55 ɗin nan da aka raina, in an juya shi a 18, yana haura ninki 3. Matsalarsa ƙofar haske. Tsohon gilashi mai zoben ƙofa a jikinsa shi ne daidai, irin na zamanin fim da ke kwance a durowar tsofaffin masu hoto. A Canon EF akwai dabara: ka saita f/5.6, ka danne maɓallin duba zurfi, ka kwance gilashin kana danne da shi, ƙofar za ta tsaya a haka. Gilashin Nikon G kuwa da an cire shi rufewa yake yi ruf, sai an tokare 'yar sandar da ke bayansa da guntun takarda. Allo zai yi duhu, tazarar aiki ba ta wuce santimita 4 zuwa 5, kuma bayan gilashin da ƙarafansa suna waje. Huda tsohon murfin baya ka mayar masa, ya zama kariya kuma ya tare hasken gefe. A daji wannan hanya azaba ce. A kan tebur kuwa, da wuya a bambance hotonta da na kaya mai tsada.

Gilashin makuro na gaske

Irin su Canon 100 da Nikon 105 suna tsayawa a 1:1. Gilasai ne masu kyau, suna kuma yin hoton fuska, amma ga wannan halitta 1:1 mafari ne kawai, sai an ƙara musu Raynox ko bututu. Laowa 100 tana kai ninki 2. Laowa 25 tana aiki daga 2.5 zuwa 5, Canon MP-E 65 daga 1 zuwa 5, kuma waɗannan biyun ba sa ɗaukar komai sai ƙananan abubuwa, saitinsu duk da hannu ne. Wanda ya saye su bai tanadi abin matsar da kyamara a hankali ba, ya sayi doki babu linzami.

Abin da ya sa masu wannan harka da yawa suka karkata ga Olympus, wadda yanzu ake kira OM System, ba kyan gilashi ba ne kaɗai. Kyamarar tana matsar da saiti da kanta, ta ɗauki hoto 50 ko 100 a jere cikin 'yan daƙiƙu ba ka taɓa ta ba. Sensarta milimita 17.3 ce, don haka gilashinta mai 60 a 1:1 yana cika hoto da milimita 17, mai 90 da ya fito a 2023 kuma a ninki 2 yana cika shi da ƙasa da milimita 9. Sababbin Canon R, Nikon Z da Fujifilm su ma da yawansu suna yin wannan jerin, amma sai da gilashi mai saita kansa. Ka lura da wannan: juyayyen gilashi da Laowa mai saitin hannu ba sa cin moriyarsa. In aikinka na daji ne kuma aljihu ya yarda, wannan ita ce hanya. In ba haka ba, kuɗin da za ka zuba a nan ya fi amfani a mai ƙafa uku mai sauka har ƙasa, da fitila, da kwamfuta mai ɗan ƙarfi.

Tebur, da dalilin da ya sa ya fi dacewa da ƙasarmu

A ƙasashen sanyi ruɓaɓɓen gungume ake bi. A nan gungume ba ya daɗewa: in gara ba ta cinye shi ba, mai neman itacen girki ya ɗauke. Daminar kuma daga wajen Mayu ko Yuni ce zuwa farkon Oktoba. Wuraren da suka fi riƙe laima su ne kurmin bakin rafi, irin na kogin Gaji da kewayen Wikki a Yankari, da kwazazzaban Dass, Toro da Tafawa Balewa, sai lambunan mangwaro da ayaba. A Yankari hoto kawai za ka ɗauka, ba a ɗebo komai sai da izini, ba a kuma shiga daji babu ɗan rakiya. Ko'ina ne dai, da sanda ake juya itace, a janyo shi ta wajenka yadda abin da ke ƙasa zai gudu ta can. Kunama da kububuwa su ma laimar suke so.

Sauran watannin fa? Irin fumfunar yana nan kwance a ɓawon itatuwa yana jiran ruwa, kuma tun 1933 masana Gilbert da Martin a Amurka suka nuna ana iya tayar da shi a cikin kwano. Samo robar abinci mai murfi, shimfiɗa takardar goge hannu fara. Ɓamɓaro busasshen ɓawon waje na itace mai rai, daidai ƙirji, guntaye masu santimita 2 zuwa 3, kada ka kai ga ɗanyen. Gwada tsamiya, mangwaro, ɗorawa, darbejiya, kowanne robarsa daban da sunansa da kwanan wata. Jera su bayansu na kallon sama, kada wani ya hau wani. Zuba ruwan sama ko ruwan gora har ya rufe su, bar shi sa'a 24, tsiyaye sauran, rufe, ajiye inda akwai haske amma rana ba ta bugu. Duba kullum a makon farko da madubin ƙara girma mai 10x da tocila ta gefe, daga nan duk bayan kwana biyu ko uku har mako 4 zuwa 6. In ruwa ya kwanta a ƙasa, fumfunar gaske mai auduga ce za ta mamaye, wari ya tashi. In takardar ta bushe, ɗiga mata ruwa ta gefe, ba a kan ɓawon ba.

Abin da ke fitowa a irin wannan kwano, su Echinostelium da Licea, sau da yawa bai kai rabin milimita ba, kuma a nan ne gilashin na'urar duba ƙwayoyin cuta ke shigowa. Mai 4x wanda aka rubuta 160 a jikinsa, ana ɗaura shi a bututu yadda kafaɗarsa za ta kasance milimita 150 daga sensa, babu wani gilashi a tsakani. Kaurin saitinsa kusan 0.05 ne. Mai 10x kuwa bai kai 0.01 ba, abu mai zurfin milimita 1.5 zai ci hoto sama da 200. Fara da 4x. Wanda aka rubuta wa alamar marar iyaka (∞) maimakon 160 ba zai yi aiki shi kaɗai ba, sai an ɗora shi a gaban gilashi mai 200.

Matsarwa ita ce zuciyar aikin. Kowane taku ya zama kusan kashi 70 cikin 100 na kaurin saiti, don hotuna su ɗan hau juna. A ninki 2 taku 0.12, zurfin milimita 3 zai ci hoto 25. A ninki 5 taku 0.03, zurfin milimita 2 kusan hoto 67. Kwangirin matsarwa mai araha da ke tafiya da haƙora bai iya wannan, tsalle yake yi. Mai tafiya da noti ake so. Ƙusar M6 tana matsawa milimita 1 daidai a kowane zagaye, kenan in ka manna mata faifan kwali ka raba shi gida 20, kowane gida 0.05 ne. Mai walda mai haƙuri zai haɗa maka wannan a kan katako mai nauyi. A sa roba ko sifirin ya riƙa ja baya don kada noti ya yi wasa, kuma a riƙa juyawa gefe ɗaya kawai daga farko har ƙarshe.

Haske: filasha ko fitila

Filasha tana daskarar da girgiza, amma hoto 60 a jere yana cinye batir, kanta ya yi zafi, kuma in ba ta gama caji ba wani hoton zai fito duhu ya bar zane a haɗin. Rage ta zuwa 1/16 ko 1/32 ka matso da ita. Fitilar LED mai batir tana nuna maka inuwa kafin ka ɗauka, amma tana bukatar komai ya tsaya cik: kashe fanka, ɗora teburin a kan siminti, kada janareta na ruri a jikin bangon, sa jinkirin daƙiƙa 2, a kyamara mai madubi kuma a ɗaga madubin tukuna. Ƙwan lantarkin gida yana ƙyaftawa da wutar 50 Hz, hasken hotuna ya riƙa bambanta. Kowacce ka zaɓa, kada haske ya faɗa kai tsaye, domin ɗanyen kai yana ƙyalli kamar an shafa mai, wurin ya ƙone fari fat. Yanke gindin farin kofin takarda ko robar yogot ka kifa a kan abin, ka haska ta jikin kofin. Fitila mai zafi kuma tana busar da ɗanyen kai kafin ya nuna, ya motse ya tsaya a haka har abada.

Wajen haɗawa, Helicon Focus da Zerene Stacker na kuɗi ne, Picolay da CombineZP kyauta. In ka ga farin hazo ya kewaye ƙafar fumfuna, wannan daga inda gaba ya rufe baya ne, ana gyara shi da hannu daga hoto ɗaya cikin jerin. In ka ga ratsi tar, ratsi dishi, takunka ya yi faɗi. In ka ga ɗigon baƙi ya ja layi kamar tsutsa, ƙura ce a sensa, kuma mai yawan kwance gilashi da hunturu ba zai rabu da ita ba. Da damina kuma akasin haka ne, fumfuna ke tsirowa a cikin gilashin da aka bari a jaka mai laima, sai a ajiye shi a roba mai rufuwa gam da 'yan ƙunshin silika.

Wanda ya nuna ya bushe ba ya gudu, kana iya ɗaukarsa yau ko baɗi. Yanko shi da guntun abin da yake kai, ɗiga gam a cikin kwalin ashana, manna guntun, bar kwalin a buɗe kwana biyu ya sha iska, sannan ka sa shi a firiza 'yan kwanaki don ƙwarin da ke cin iri su mutu. Rubuta wuri, rana da sunan itacen a bayan kwalin, domin tantance sunan da yawansu sai an duba irin a na'ura, hoto kaɗai ba ya isa. Kuma in ka ɗora shi gaban gilashi, juya fuskarka gefe kafin ka yi numfashi, huci ɗaya yana kwashe garin kan irin su Arcyria, wani nau'in fumfunar, ya bar maka ƙoƙon kawai.